Inda ƙudirin doka ke mutuwa: tsakanin majalisar wakilai da ta dattawa

Akwai wata magana da ake maimaitawa duk lokacin da majalisar dokokin wata ƙasa ta kammala zangonta ba ta taɓuka abin kirki ba. Sai ka ji masu sharhi suna cewa ai dama ba a sa ran komai, tunda jam'iyyar shugaban ƙasa daban, mai rinjaye a majalisa daban. Wai da jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da ko'ina, da an ga aiki. Maganar nan tana damuna, domin tana kawar da idon jama'a daga inda ɓarnar take.

A ƙasashen da ke da majalisa biyu, manyan ƙudirori da yawa ba sa ma isa teburin shugaban ƙasa balle ya hau kujerar na-ƙi. Suna mutuwa ne a hanya, bayan majalisa ɗaya ta amince da su, ɗayar kuma ta ƙi, ko ta yi gum da bakinta. Abu biyu ke yanke wannan hukunci: tazarar ra'ayi da ke tsakanin majalisun, da kuma ƙa'idar da tsarin mulki ya tanada idan aka yi kiki-kaka.

Matsayina shi ne: saɓani tsakanin majalisu biyu ba laifi ba ne, don haka ma aka yi su biyu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar majalisa ɗaya ta kashe aikin 'yar uwarta ta hanyar shiru, ba ƙuri'a, ba wa'adi, ba wanda za a kama da alhakin.

Wanda ke cika rinjaye

Ranar ƙuri'a, kowace majalisa tana da mutum ɗaya da ya fi shugabanta muhimmanci, wato wanda ke cika rinjaye. Ka jera 'yan majalisar wakilan Amurka su 435 a layi, daga mafi zafin neman sauyi zuwa mafi ra'ayin riƙau. Ƙudiri ba zai wuce ba sai na 218 ya ga ya fiye masa halin da ake ciki. A majalisar dattawa mai kujeru 100, kamata ya yi a ce na 51 ne, amma ƙa'idar zauren ta ce ba a rufe muhawara kan yawancin ƙudirori sai da ƙuri'a 60. Saboda haka na 60 ne mai riƙe da mabuɗi.

Tazarar da nake magana a kai ita ce nisan da ke tsakanin waɗannan mutum biyu.

A ɗauka harajin kamfanoni kashi 25 ne cikin 100. Mai cika rinjaye a majalisar wakilai yana son a kai shi 30, na majalisar dattawa yana son a sauke shi zuwa 20. Duk wani ƙari, dattawa za su ƙi. Duk wani ragi, wakilai za su ƙi. Harajin zai tsaya a 25, alhali babu majalisar da ke son 25. Amma da a ce harajin 40 ne, da dukkansu sun yarda ya yi yawa, a yi ciniki, a tsaya wani wuri tsakanin 20 da 30, doka ta fito.

Kenan doka tana fitowa ne idan halin da ake ciki ya yi wa majalisun biyu nisa ta gefe guda. Idan ya faɗa a tsakaninsu, ya maƙale. Gwargwadon faɗin tazarar, gwargwadon yawan batutuwan da za su faɗa cikinta.

Wannan ne ya sa majalisun da suka kasa haɗa kai a kan komai suke iya yin aiki cikin kwanaki idan masifa ta auku. A watan Maris na 2020, Democrat ne ke da majalisar wakilan Amurka, Republican ke da ta dattawa, kuma makonni kaɗan kafin nan suka gama dambarwar tsige Donald Trump. Duk da haka, dokar tallafin annobar korona ta sama da dala tiriliyan 2 ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 96, ba ko ɗaya da ya ƙi. Ra'ayin kowa bai canza ba. Halin da ake ciki ne ya yi munin da babu mai iya zama da shi.

Me ke raba su tun farko

Majalisun biyu ba sa kama da juna domin ba iri ɗaya aka gina su ba.

Mazaɓa ita ce ta farko. Jihar Wyoming, wadda mutanenta ba su kai 600,000 ba, tana da sanata biyu, daidai da California mai mutum kusan miliyan 39. Majalisar da aka raba kujerunta bisa yawan jama'a tana karkata ga birane, wadda aka raba bisa jihohi tana karkata ga yankunan da ba su da cunkoso. Bukatun waɗannan wurare a kan makamashi, noma, haraji da mallakar bindiga ba ɗaya ba ne.

Sai wa'adi. Ɗan majalisar wakilan Amurka shekara 2 yake yi, sanata shekara 6, kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai na sanatoci ke fuskantar zaɓe a kowane zagaye. Guguwar siyasa kan iya share majalisar wakilai a dare ɗaya, ta bar ta dattawa cike da mutanen da aka zaɓa a wani yanayi daban. Haka ya faru a 2010: Republican suka ƙwace majalisar wakilai, Democrat suka ci gaba da riƙe ta dattawa.

Sai hanyar zaɓe. A Ostireliya ana zaɓen wakilai ɗaya-ɗaya daga mazaɓu, sanatoci kuma ana raba kujerunsu gwargwadon ƙuri'ar da kowace jam'iyya ta samu a jiha, tun 1949. Sakamakonsa, ƙananan jam'iyyu suna shiga majalisar dattawa, kuma da wuya gwamnati ta samu rinjaye a can. A Jamus ma ba a zaɓen 'yan majalisa ta biyu, wato Bundesrat, kai tsaye, gwamnatocin jihohi 16 ne ke tura wakilansu. Duk zaɓen jiha da aka yi a tsakiyar wa'adin gwamnatin tarayya yana iya sauya lissafin.

"Da jam'iyya ɗaya ce, da an gama"

A duba abin da ya faru a lokutan da jam'iyya ɗaya ke riƙe da komai.

A watan Yunin 2009, majalisar wakilan Amurka ta amince da babban ƙudirin rage hayaƙin da ke ɗumama yanayi da ƙuri'a 219 da 212. Barack Obama ne shugaba, Democrat ne ke da rinjaye mai yawa a majalisar dattawa. Ƙudirin bai taɓa zuwa ƙuri'a a can ba, saboda sanatocin Democrat daga jihohin kwal da masana'antu ba su tare da shi.

A 2017 abin ya juya. Republican ke da fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu, kuma shekara 7 suna alkawarin soke dokar inshorar lafiya ta Obama. Wakilai suka amince a watan Mayu, 217 da 213. A ƙarshen Yuli, ƙudirin da aka rage wa ƙarfi sosai ya faɗi a majalisar dattawa, 49 da 51, domin Susan Collins da Lisa Murkowski da John McCain, dukkansu 'yan Republican, sun ce a'a.

A ƙarshen 2021 wakilai suka amince da babban shirin Joe Biden na walwalar jama'a da yanayi. Sanata ɗaya na jam'iyyarsa, Joe Manchin na West Virginia, ya ce ba da shi ba. Abin da ya fito a watan Agustan 2022 ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da na farko, shi ma sai da mataimakiyar shugaban ƙasa ta jefa ƙuri'ar da ta raba kunnen doki.

A dukkan waɗannan, tuta ɗaya ce a kan majalisun biyu. Mai cika rinjaye a kowace majalisa ne ya sha bamban.

Masu bincike sun daɗe da lura da haka. A 1991 David Mayhew ya ƙirga manyan dokokin Amurka daga 1946 zuwa 1990, ya ga ba wani bambanci mai yawa tsakanin lokacin da jam'iyya ɗaya ke riƙe da gwamnati da lokacin da aka raba. Daga baya Sarah Binder ta canza tambayar. Maimakon ƙirga abin da aka zartar kawai, sai ta tattara batutuwan da ke gaban ƙasa a kowane zango, tana amfani da sharhin editocin jaridar New York Times, sannan ta duba kashi nawa aka bari ba a warware ba. Ta samu cewa nisan ra'ayi tsakanin majalisun biyu yana daga cikin manyan abubuwan da ke ƙara yawan batutuwan da ke maƙalewa. A ganina hanyarta ta fi kusa da gaskiya, don wanda ya ƙirga masu rai kaɗai ba zai san yawan gawa ba.

"To ai ƙirga dokoki ya nuna komai"

Ana yawan kawo wannan alƙaluma: majalisar Amurka ta 1947 zuwa 1949, wadda shugaba Harry Truman ya zarga da zaman kashe wando, ta zartar da dokoki sama da 900, ta 2011 zuwa 2013 kuma, lokacin da majalisun ke hannun jam'iyyu daban-daban, ba ta kai 300 ba. Raguwar gaskiya ce, amma ƙirga kai ɗaya yaudara ne. Dokar sa wa ofishin gidan waya sunan wani soja doka ɗaya ce a lissafi, haka ma dokar da ta sauya tsarin haraji baki ɗaya.

Tazarar majalisu tana canza siffar dokar da ke fitowa fiye da yadda take rage yawanta. Tunda ƙudiri ba zai iya wucewa shi kaɗai ba, sai shugabanni su jira wanda dole ne ya wuce, kamar kasafin kuɗi ko na tsaro, su ɗora masa duk abin da ya maƙale. Sai a wayi gari da kundi mai shafi dubbai, a ba 'yan majalisa kwana ɗaya ko biyu, a ce ko su karɓa duka ko gwamnati ta tsaya. A takarda doka ɗaya ce. A cikinta akwai gomomin dokoki da babu wanda ya yi muhawara a kansu.

Wata hanyar kuma ita ce a yi wa ƙudiri rigar kuɗi. A Amurka akwai hanyar daidaita kasafi da ke wucewa da ƙuri'a 51, shi ya sa ragin haraji na 2017 da dokar Agustan 2022 suka bi ta nan. Sharaɗin shi ne kowane sashe ya shafi kuɗin shiga ko na kashewa, don haka ake rubuta manufa a karkace, a mayar da abin da ya kamata ya zama ƙa'ida zuwa tallafi ko rangwamen haraji. A Indiya, majalisa ta biyu, wato majalisar jihohi, ba ta da ikon riƙe ƙudirin kuɗi fiye da kwana 14. A 2016 gwamnatin Narendra Modi, wadda ba ta da rinjaye a can, ta gabatar da dokar katin shaida na Aadhaar a matsayin ƙudirin kuɗi, lamarin da sai da ya kai kotun ƙoli. Dokar da ta shafi bayanan jikin mutum sama da biliyan ɗaya ba ta kamata ta shiga ta wannan ƙofa ba.

"Ai birki ne, kuma ƙarancin doka ba asara ba ne"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Majalisa ta biyu tana tace ƙudirin da aka rubuta cikin fushi ko gaggawa. Ƙasa ba ta ci gaba da yawan dokoki. Idan majalisa biyu da aka zaɓa ta hanyoyi daban suka kasa yarda a kan sauyi, sau da yawa alama ce cewa jama'ar ma ba su yarda ba.

Amma hujjar tana ɗauka cewa idan ba a yi komai ba, abubuwa za su zauna yadda suke. Ba haka ba ne. Kasafin kuɗi yana ƙarewa. Izinin cin bashi yana cika. Muƙami yana zama ba kowa. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kuma kowace shekara tsadar kaya tana cin darajarsa ba tare da wani ya kaɗa ƙuri'ar rage shi ba. Wakilai sun amince da dala 15 a 2019, majalisar dattawa ba ta ko saurari ƙudirin ba.

A 2011 ja-in-ja kan iyakar bashi tsakanin wakilan Republican da dattawan Democrat ya kai kamfanin Standard & Poor's ya rage wa Amurka darajar amincin bashinta a karon farko. A watan Oktoban 2013 ma'aikatun gwamnati suka rufe na kwana 16 a kan rigimar dokar inshorar lafiya. Rabon da Amurka ta zartar da dukkan ƙudirorin kasafinta a kan lokaci tun 1996. Ana tafiya ne da dokar wucin gadi, wadda ke barin ma'aikata ta ci gaba da kashe abin da ta kashe bara, ba ta fara sabon aiki, ba ta daina wanda ya zama banza.

Japan ta ɗanɗana nata. Bayan zaɓen Yulin 2007 'yan adawa suka mamaye majalisar dattawa. Izinin da jiragen ruwan Japan ke da shi na ba wa ƙawayenta mai a tekun Indiya ya ƙare a watan Nuwamba, jiragen suka dawo gida, sai a Janairun 2008 majalisar wakilai ta maido da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. A watan Maris na 2008, ana tsakiyar girgizar kasuwannin duniya, kujerar gwamnan babban banki ta zauna ba kowa na makonni, saboda dattawa sun ƙi waɗanda gwamnati ta gabatar, kuma a kan naɗi babu hanyar tsallake su.

Akwai asara ta biyu da masu hujjar birki ba su cika faɗa ba. Ikon da majalisa ta kasa amfani da shi ba ya zama a banza, wani ne ke ɗauka. A Disamban 2010 wakilai suka amince da ƙudirin ba da takardun zama ga waɗanda aka shigo da su Amurka suna yara. A majalisar dattawa ya samu ƙuri'a 55, bai kai 60 ba. A 2012 Obama ya yi wani ɓangare na abin da umarnin zartarwa, Trump ya yi ƙoƙarin soke shi a 2017, kotuna suka yi ta kai ruwa rana, dubban ɗaruruwan mutane suna rayuwa da izini na shekara biyu-biyu. Birkin bai hana a yi abin ba. Ya dai fitar da shi daga hannun zaɓaɓɓun 'yan majalisa ya miƙa wa shugaba da alƙalai.

Saɓanin da ake iya rabawa da wanda ba a iyawa

Ba duk tazara ce ke kashe ƙudiri ba. Idan bambancin na adadi ne, kwamitin daidaitawa yana da abin yi. A dokar man fetur ta Najeriya ta 2021, dattawa sun ce kashi 3 cikin 100 ga al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu, wakilai suka ce kashi 5. Kwamiti ya ɗauki 3, an yi hayaniya a zaure, amma doka ta fito. A Jamus a watan Nuwamban 2022, jihohin da jam'iyyar CDU ke cikin gwamnatinsu suka tare sabon tsarin tallafin marasa aikin yi a Bundesrat. Kwamitin sulhu mai mutum 32, 16 daga kowace majalisa, ya rage ajiyar da mai karɓar tallafi zai iya riƙewa daga yuro 60,000 zuwa 40,000, ya rage tsawon lokacin da ake bar masa wannan ajiya daga shekara 2 zuwa 1. Dokar ta fara aiki a Janairun 2023 kamar yadda aka tsara.

Idan kuwa bambancin na aƙida ne, babu tsakiya. Bayan hare-haren Paris na Nuwamban 2015, shugaban Faransa François Hollande ya nemi gyara tsarin mulki don a iya ƙwace ɗan-ƙasancin wanda aka samu da ta'addanci. Majalisar wakilai ta rubuta shi ya shafi kowa, don kada a ware masu fasfo biyu. Dattawa suka taƙaita shi ga masu fasfo biyu, don kada a bar mutum ba ƙasa. Kowane ɓangare yana kare wata ƙa'ida ta gaske, kuma ba a raba ta biyu. A ƙarshen Maris na 2016 Hollande ya janye. A nan ban ga laifin kowa ba. An yi ƙuri'a a fili, an san matsayin kowa, kuma gyaran tsarin mulki ya cancanci wannan wahalar.

A kwatanta da ƙudirin shige da fice na Amurka na 2013. Dattawa suka amince da shi 68 da 32, ciki har da 'yan Republican 14. Kakakin majalisar wakilai, John Boehner, ya ƙi kawo shi zaure saboda mafi yawan 'yan jam'iyyarsa ba sa so. Shekara ɗaya da rabi yana ajiye, zango ya ƙare a Janairun 2015, ya mutu. Har yau babu mai zaɓe da zai iya buɗe rajista ya ga yadda wakilinsa ya tsaya a kan wannan ƙudiri, domin ba a taɓa tambayarsa ba. Rikicin Ostireliya na 1975 ma, wanda ya kai gwamna-janar John Kerr ya sauke firaminista Gough Whitlam ranar 11 ga Nuwamba, dattawa ba su ƙi kasafin da ƙuri'a ba. Ɗage shi suka yi ta yi.

"A soke majalisa ta biyu mana"

New Zealand ta soke tata a 1950, Denmark a 1953, Sweden a 1970, kuma ba su rushe ba. Ga ƙaramar ƙasa da ba tarayya ba, hujjar tana da nauyi. Amma inda jihohi ko yankuna suka shiga tarayya bisa sharaɗin za a ji muryarsu, soke majalisar dattawa warware yarjejeniyar ce. Masu zaɓe ma ba su cika yarda ba: Ireland ta ƙi sokewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2013, Italiya ta ƙi rage ikon dattawanta a Disamban 2016 har firaminista Matteo Renzi ya yi murabus. Kuma kiki-kaka ba ya ɓacewa don majalisa ɗaya ce. Isra'ila majalisa ɗaya gare ta, ta yi zaɓe biyar tsakanin 2019 da 2022. Saɓanin yana komawa cikin ƙawancen gwamnati ne kawai, inda ya fi wuyar gani.

Abin da ya kamata a gyara

Ƙasashen da suka fi iya zama da wannan tazara su ne waɗanda suka raba ƙudirori gida-gida, suka sa wa kowane gida agogo.

Kasafi bai kamata ya zama abin garkuwa ba. Birtaniya ta koyi wannan bayan dattawanta sun ƙi kasafin ministan kuɗi David Lloyd George a 1909. Sai da aka yi zaɓe biyu a 1910, sannan dokar 1911 ta ce ƙudirin kuɗi wata ɗaya kawai za su iya riƙe shi. A Japan, idan dattawa ba su yanke hukunci kan kasafi cikin kwana 30 ba, na wakilai ya tabbata. A Jamus, idan shekara ta shiga ba kasafi, tsarin mulki ya bar gwamnati ta ci gaba da biyan abin da doka ta riga ta wajabta, don haka ba a rufe ma'aikatu. Amma dole a fayyace ma'anar ƙudirin kuɗi da kyau, kuma wanda ba ɗan gwamnati ba ne ya kamata ya tantance, in ba haka ba abin da ya faru a Indiya zai maimaitu. A kuma haɗa izinin cin bashi da kasafin, don Japan ta ware su, 'yan adawa suka riƙe dokar bashin a 2011 har sai da firaminista Naoto Kan ya yi alkawarin sauka.

Ga dokokin yau da kullum, wa'adi shi ne magani. A Poland dattawa kwana 30 gare su, idan suka yi shiru an ɗauka sun amince, idan suka ƙi kuma wakilai na iya tsallake su da cikakken rinjaye. A Faransa, bayan kai-komo da zaman kwamitin mutum 14, bakwai daga kowane ɓangare, gwamnati na iya ba wa majalisar wakilai magana ta ƙarshe. A Birtaniya tun 1949 jinkirin kusan shekara ɗaya ne. Za a ce wannan ya mayar da majalisa ta biyu ado. Ban yarda ba. Tun 1949 sau huɗu kawai aka yi amfani da wannan iko wajen tsallake dattawan Birtaniya, na ƙarshe a kan dokar hana farauta da karnuka ta 2004, alhali kowace shekara gwamnati na karɓar gyare-gyarensu masu yawa. Gwamnatin da zaɓe ke tunkarowa ta gwammace ta ba da kai a kan sashe uku da ta rasa shekara guda.

Gyaran tsarin mulki da abin da ya taɓa ikon jihohi kuwa, a bar su sai da yardar majalisun biyu. Amma ko a nan a kula da yadda ake ƙirga. A Bundesrat ana bukatar ƙuri'a 35 cikin 69, kuma jihar da jam'iyyun gwamnatinta suka kasa jituwa takan ƙaurace, ƙauracewar kuma daidai take da a'a. Ƙaramar jam'iyya da ke cikin ƙawance a jihohi da dama tana iya tare doka ba tare da ta taɓa ƙin ta a fili ba.

Zaman haɗin gwiwa da wasu ke ganin shi ne adalci, a duba shi da kyau. Indiya ta yi shi sau uku kacal, a 1961, 1978 da 2002, Ostireliya sau ɗaya a 1974. Idan aka zuba wakilan Indiya 543 da 'yan majalisar jihohinta 245 a zaure ɗaya, babbar majalisa ce ke cin ƙarama. Magana ta ƙarshe ce aka ba wakilai, aka sa mata wani suna. Ba laifi, amma a faɗa wa jihohi gaskiya kafin su sa hannu.

Sai kwamitin daidaitawa kansa. Rahotonsa ba a yi masa gyara a zaure, ko a karɓa ko a ƙi, don haka mutum goma sha wani abu da ke cikin ɗakin sun fi sauran ɗaruruwan iko. Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a buga jadawali mai layi uku, na wakilai, na dattawa, da wanda kwamiti ya tsayar, sashe bayan sashe, aƙalla awa 72 kafin ƙuri'a, kuma duk sashen da ba ya cikin na kowace majalisa a cire shi da zarar wani ya ɗaga hannu.

A Amurka, yawancin wannan ba ya bukatar taɓa tsarin mulki, domin kowace majalisa ita ke rubuta ƙa'idojin zamanta. Za ta iya cewa duk ƙudirin da ɗaya majalisar ta amince da shi da rinjaye mai yawa dole ya zo ƙuri'a cikin kwana 60. Dattawa sun nuna ana iya canza irin wannan ƙa'ida da rinjaye mai sauƙi: a 2013 Democrat suka cire sharaɗin ƙuri'a 60 a kan naɗin mafi yawan alƙalai da jami'an gwamnati, a 2017 Republican suka cire shi a kan alƙalan kotun ƙoli. Kowane ɓangare ya yi haka ne a ranar da shirun ya tare masa abin da yake so. Wajabta ƙuri'a a kan ƙudirin ɗaya majalisar kuwa zai tilasta wa 'yan jam'iyya mai rinjaye su fito su kaɗa ƙuri'ar da shugabanninsu suke ɓoye su daga gare ta, kuma su ɗin ne za su rubuta ƙa'idar.